Takalmin zango: yadda ake zaɓar mara nauyi don doguwar tafiyar ƙafa

Mai doguwar tafiyar ƙafa, irin wanda ke goya jakarsa da tantinsa da abincinsa ya yi makonni ko watanni a daji, takalmi biyu ne ke gabansa. Akwai na tafiya, wanda ke ƙafarsa tun asuba har la'asar sakaliya. Akwai kuma na zango, wanda yake zurawa da zarar ya sauke jaka, ya ɗebo ruwa da shi, ya dafa abinci, ya zagaya, ya shiga wanka in an samu masauki. Wannan na biyun awa biyu ko uku yake aiki a yini, sauran lokacin kuwa goya shi ake yi. Shi ya sa zaɓensa ya bambanta da zaɓen kowane takalmi: ana fara tambayar aikin da zai yi, sannan a nemi mafi sauƙin nauyi da zai iya wannan aikin.

Fara da ma'auni

Samo ma'aunin kicin mai nuna giram. Duk takalmin da kake tunanin ɗauka, ɗora ƙafa biyun tare ka rubuta nauyin. Kada ka dogara da abin da kamfani ya rubuta, domin sau da yawa nauyin ƙafa ɗaya suke bayarwa, kuma na matsakaiciyar lamba. Mai sa lamba 45 zai tarar nasa ya fi haka nauyi sosai.

Don a san darajar giram: masu tafiya da kaya marasa nauyi suna ƙoƙarin kada jakarsu ta wuce kilo 4.5 in an cire abinci da ruwa da man girki. Abincin yini guda na mai doguwar tafiya yakan kai giram 700 zuwa 900. Ke nan takalmin zango mai giram 400 ya kusa rabin abincin yini, ko kusan rabin litar ruwa. A tafiyar kwana uku wannan ba abin damuwa ba ne. A hanyar Appalachian ta gabashin Amurka kuwa, mai tsawon kusan kilomita 3,500 daga Jojiya zuwa Maine, wadda ake yin wata biyar zuwa bakwai a kanta, giram 400 ɗin nan zai hau kowane tudu tare da kai. A wani wuri da ake kira Neel Gap, kimanin kilomita 50 daga farkon hanyar, akwai shagon da matafiya ke zazzage jakunkunansu su aika da abin da ya yi musu yawa gida, kuma manyan takalman zango suna cikin abubuwan da ke komawa.

Ƙa'idar da za ta yi maka aiki ita ce: ƙasa da giram 150 ya yi kyau ƙwarai, 150 zuwa 300 daidai ne, 300 zuwa 450 sai da dalili, abin da ya wuce 500 kuwa ya tashi daga takalmin zango ya zama takalmin tafiya na biyu, sai a yi masa hukunci a matsayin haka.

Rubuta aikin da kake so ya yi

Babban aikinsa shi ne ba ƙafa iska. Ƙafar da ta yini a cikin takalmi da gumi, ko ta sha ruwan sama da raɓa, fatarta takan yi fari ta yamutse kamar ta wanda ya daɗe yana wanki. Fatar da ta jiƙa haka ta yi laushi, guga kaɗan ke sa ta yi bororo, in kuma ta bushe farat ɗaya sai ta tsage ta yi faso. Tsakanin yatsu kuma nan ne cin ruwa ke kamawa. Idan aka haɗa jiƙa da sanyi na kwanaki ba tare da ƙafar ta bushe ba, ana iya kaiwa ga ciwon da ya addabi sojojin da suka zauna cikin ramuka a Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda ƙafa ke mutuwa, ta kumbura, fatar ta fara ruɓewa. Ba sai sanyin ya kai na ƙanƙara ba. Maganin duk wannan ɗaya ne, ƙafa ta samu sa'o'i a bushe kowace rana. Takalmin zango shi ke ba ka damar fara busar da ita tun kana kafa tanti, maimakon sai ka kwanta.

Aiki na biyu kariya ce daga ƙaya, fasasshiyar kwalba, kunama, garwashi da tuntuɓe. Ƙaramin yanka a tafin ƙafa yana iya tsayar da tafiyar wata guda, don haka yawo ba takalmi a zango ganganci ne. A ƙasashe masu zafi da damshi kuma akwai tsutsar ciki da ke shiga ta fatar ƙafa daga ƙasar da aka yi bahaya, ga jiga. Mai ciwon sukari, wanda jin ƙafarsa ya ragu, shi kam mai rufaffen gaba zai nema, kuma ya duba tafin ƙafarsa da fitila kowane dare.

Sai zagayawa da dare. Ƙa'idar tsafta a dazuzzukan Amurka ita ce a yi nesa da ruwa da hanya da zango da kamar mita 60, a haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20. Tafiyar mita 60 cikin duhu da tocilan ɗin goshi, a kan saiwoyi da duwatsu, tana buƙatar takalmin da ba zai zame daga ƙafa ba, wanda kuma za a iya zura shi daga bakin tanti da hannu ɗaya.

Ga musulmi akwai alwala. Mai wanke ƙafa sau da dama a yini yana buƙatar abin da zai taka da jiƙaƙƙiyar ƙafa, wanda ba ya shan ruwa, ana kuma iya ɗauraye shi nan take in ya taka ƙazanta. Wannan kaɗai ya isa ya kori takalmin yadi da na fata daga lissafi, ya kuma sa a ajiye shi inda hannu zai kai da azahar ba sai an kwance jaka ba.

Sauran ayyukan sun danganta da hanya: wanka a banɗakin da jama'a ke rabawa, yawo a gari ranar hutu, tsallake rafi, da zama madadi in takalmin tafiya ya yage ko ƙafa ta kumbura ta ƙi shiga. Zana layi ƙarƙashin guda biyu da suka fi muhimmanci a tafiyarka. Takalmin da zai yi dukkansu da kyau nauyi gare shi, kuma neman irinsa ne ke sa mutane goyon kilo guda a banza.

Duba ƙasar da za ka taka

A hanyar Camino de Santiago ta Sifaniya, wadda shahararren reshenta ke farawa daga Saint-Jean-Pied-de-Port a Faransa ya yi kusan kilomita 780, a masaukai ake kwana, kuma yawancinsu suna sa a cire takalmin tafiya a jera shi a bakin ƙofa. Can takalmi na biyu dole ne, kuma aikinsa banɗaki da yawon gari da yamma. Silifas mai ɗan kauri ya wadatar. A gidajen kwana na tsaunukan Alps na Turai, kamar na zagayen Mont Blanc, ana hana shiga da takalmin tafiya, amma da yawansu suna ajiye takalman roba na aro a ƙofa, don haka mai kwana a irin waɗannan gidaje kaɗai yana iya barin nasa.

Hanyar Pacific Crest, mai kilomita 4,265 daga iyakar Meziko zuwa Kanada, tana farawa da busasshiyar ƙasar kudancin Kalifoniya. Ƙafa tana bushewa da kanta, takalmin tafiya ma haka, shi ya sa masu bin ta da yawa ba sa ɗaukar na zango ko kaɗan. Abin tsoro can ƙaya ce. Tsidau ɗin nan da muka sani ya bazu a yammacin Amurka, ga ƙayar kaktus da ke faɗowa gaɓa-gaɓa. Siririn soso ba ya tare su. Hanyar Appalachian kishiyarta ce: ruwan sama, laka, takalmi ya yi kwana huɗu bai bushe ba. Nan ne takalmin zango ya fi biyan kuɗinsa. A hanyar Laugavegur ta ƙasar Ayislan, mai kilomita 55, akwai kogunan ruwan ƙanƙara da ba gada, sai an shiga, don haka aikin tsallake ruwa shi ne a gaba. A Kilimanjaro, zangon Barafu yana sama da mita 4,600, dare yakan yi sanyin da ruwa ke daskarewa, abin da ake nema shi ne takalmin da zai ɗauki safa mai kauri.

Wanda zai hau Chappal Waddi a gandun dajin Gashaka Gumti na jihar Taraba, tsauni mafi tsawo a Najeriya mai mita 2,419, zai haɗu da ƙoramu da ciyawa mai tsayi da sanyin dare. A irin wannan daji, da duk inda ake da kububuwa, buɗaɗɗen takalmi na cikin filin zango ne da aka share. Fita cikin ciyawa da dare sai da rufaffen takalmi da fitila.

Ire-iren da ake da su

Silifas mai hanci shi ne mafi araha, giram 120 zuwa 200, ana samun sa a kowace kasuwa, in ya ɓace ba asara. Aibinsa uku ne. Ba ya karɓar safa, kuma da yamma a daji safa kake buƙata saboda sanyi da sauro. Ba ya riƙe dunduniya, sai yatsu su dinga ƙanƙame shi, ƙafar da ta gaji ta ƙara gajiya. Kuma hancin yakan fizge daga ramin da ya shiga daidai lokacin da laka ta riƙe shi. A masauki yana da kyau, a gangaren dutse kuwa mugun abokin tafiya ne.

Silifas mai faffaɗan maɗauri a saman ƙafa ya fi shi, domin ana sa shi da safa. Nemi wanda aka zuba gaba ɗayansa da soson roban nan da ake kira EVA, ba mai yadi ko soso mai shan ruwa a ƙarƙashin maɗaurin ba. Irin wannan yana kai giram 150 zuwa 250. Kamfanin Birkenstock suna yin samfurin Arizona da EVA zalla, maɗauri biyu masu daidaituwa, ƙafa biyu kusan giram 250, kuma tafinsa yana da tudun da ke tallafe tsakiyar ƙafa.

Rufaffen takalmin roba mai huji-huji, irin na Crocs, shi ya fi yawa a bayan jakunkunan masu bin hanyar Appalachian. Nauyinsa giram 300 zuwa 450 gwargwadon lamba. Yana kare yatsu daga tuntuɓe, yana karɓar kowace irin safa, faɗinsa yana ba kumburarriyar ƙafa wuri, maɗaurin baya yana riƙe dunduniya, ba ya shan ruwa, in ya faɗa rafi yana tasowa sama. Aibinsa girma, ba ya shiga cikin jaka, kuma idan ƙasansa ya cinye yana da santsi a kan jiƙaƙƙen dutse ko tayil. Kwaikwayonsa na kasuwa sau da yawa ya fi na asalin sauƙin nauyi, domin sosonsa ya fi iska. Yana saurin lotsewa, amma takalmin da ke aiki awa biyu a yini ba ya buƙatar ƙarkon na zuwa kasuwa kullum. Ana cewa araha ba ta ado, to a zango ba ado aka zo yi ba. Auna su biyun, ka ɗauki wanda ma'auni ya zaɓa.

Sandal siriri mai maɗaurin dunduniya, irin Z-Trail na Xero Shoes, yana kusan giram 300, yana kwanciya shafal a cikin jaka, kuma ana iya tafiyar kilomitoci da shi in ta kama. Sai dai tafin siriri ne, ƙafar da ta yini tana dukan duwatsu ba ta samun laushin da take nema. Manyan sandal na tafiya, irin su Chaco da manyan samfuran Teva, suna kai giram 500 zuwa 900. Takalma ne nagari, amma sai ga wanda zai yi tafiya da su da gaske ko zai yini yana shiga ruwa.

Akwai kuma na masu ƙirga giram, wanda ƙananan kamfanoni ke yi da siririn faranti na roba ko soso da igiya, ƙafa biyu giram 50 zuwa 100. Yana raba ƙafa da ƙasa, iyakarsa ke nan. Ba a tsallake ruwa da shi, ba a gudu, ƙaya mai ƙarfi tana huda shi.

Na sanyi kuwa kamar safa ce mai cike da gashin agwagwa ko audugar roba, giram 60 zuwa 200. Mai gashin tsuntsu ya fi ɗumi da sauƙin nauyi, amma da ya jiƙe ɗumin ya tafi. Yawancinsu na cikin tanti ne, sai an ɗora musu riga mai tafin roba kafin a taka waje. A wurin da dare ke sauka ƙasa da sifili kaɗai ya cancanci ɗauka.

In za a yanke hukunci: ga hanya mai ruwa da laka, rufaffen roba mai maɗaurin baya. Ga hanyar masaukai, silifas ɗin EVA mai faffaɗan maɗauri. Ga busasshiyar hanya, mafi sirantar abin da ƙayar wurin ba za ta huda ba, ko kuma babu.

Maganar tsallake ruwa

Nan ne kuskure ke kashe mutum, don haka a tsaya a kai. Ba a tsallake rafi mai gudu da ƙafa tsirara. Ruwan sanyi yana kashe jin ƙafa cikin ɗan lokaci, mutum ya yanke bai sani ba, ga duwatsun ƙasa da gansakuka. Ba a kuma tsallakewa da silifas, ruwa zai fizge shi, mai shi ya sunkuya kamowa, jaka ta rinjaye shi. A shekarar 2017, da dusar ƙanƙara ta yi yawa a tsaunukan Sierra Nevada na Kalifoniya, matafiya biyu na hanyar Pacific Crest sun rasu a kogunan da narkewarta ta cika. A hanyar Appalachian ma, kogin Kennebec a Maine da kwalekwale ake ƙetare shi, ana gargaɗin kada a shiga da ƙafa domin madatsar da ke sama tana sakin ruwa ba zato.

Raba ruwa gida biyu. Wanda bai kai gwiwa ba, mai tafiya a hankali, ƙasansa yashi ko tsakuwa, ana iya shigarsa da rufaffen roba in an mayar da maɗaurin baya, ko sandal mai riƙe dunduniya da idon sawu. Wanda ya kai gwiwa yana gudu da ƙarfi, ko ƙasansa manyan duwatsu ne, da takalmin tafiya ake shigarsa. Cire safa da shimfiɗar cikin takalmin ka sa a jaka, ɗaure igiya tamau, kwance bel ɗin ƙugu da na ƙirji na jakar domin in ka faɗi ka iya fita daga cikinta, fuskanci inda ruwan ke fitowa, ka dogara da sandunan tafiya, kana matsa ƙafa ɗaya-ɗaya a karkace. In ka haye, zazzage ruwan, mayar da shimfiɗa da safa. Takalmin zai jiƙe, kuma nan ne na zango ke amfani, domin da yamma kana da busasshen abin sawa.

Kogin da narkewar ƙanƙara ke ciyarwa ya fi ƙanƙanta da sassafe, ya fi cika da yamma. In ya yi maka girma, kwana a bakinsa.

Awo da gwaji kafin a biya kuɗi

Ƙafa tana kumbura a doguwar tafiya, tana kuma bajewa. Masu yin watanni a hanya sukan ƙara rabin lamba zuwa lamba guda, wasu fiye. Lamba ɗaya a awon Turai, irin su 42 da 43, kusan milimita 7 ce kawai, saboda haka ƙara guda ba zai sa takalmin ya yi maka kwale-kwale ba. Je sayayya da yamma bayan ka yini a tsaye, ka tafi da safar da ta fi kauri cikin waɗanda za ka ɗauka. A bar sarari kamar faɗin yatsa a gaban babban yatsan ƙafa, dunduniya kuma ta zauna cikin tafin, kada ta hau gefensa.

Abu mafi muhimmanci da ake mantawa: kada ya taɓa inda takalmin tafiya ke taɓawa. Duba ƙafarka bayan doguwar tafiya ka ga inda ta yi ja, yawanci bayan dunduniya, gefen ƙaramin yatsa, da saman babban yatsa. In maɗaurin takalmin zango ya bi ta kan waɗannan wurare, bororon ba zai samu hutu ba. Mai fama da bayan dunduniya ya nemi wanda ake iya ɗage maɗaurinsa gaba. Mai fama da ciwon tafin ƙafa, wanda ke jin kamar ƙusa a dunduniya da takun farko na safe, ya guji shafaffen siriri, ya ɗauki mai tudu a tsakiya da ɗan kauri a baya ko da ya fi nauyi.

A gida a yi gwaji huɗu. Jiƙa ƙafa da takalmin ka hau gangare ka sauko, domin wani soson yana da santsi daga ciki, ƙafa ta dinga zamewa a kansa ko da ƙasansa ya riƙe. Taka tsakuwa masu kaifi da dukkan nauyinka: in tafin bai kai kaurin milimita 8 zuwa 10 ba, za ka ji kowace tsakuwa, kuma a ƙasa mai ƙaya gara 15 ko fiye. Tsoma shi a bokiti, girgiza, ka sake aunawa bayan minti goma. In ya ƙara nauyi sosai, yana shan ruwa, zai kwana a jiƙe ya yi wari. Na ƙarshe, zauna a ƙasa cikin duhu ka sa shi da hannu ɗaya. In sai ka kunna fitila ka nemi bakin maɗauri, za ka tsane shi da ƙarfe uku na dare.

Maɗauri mai mannen Velcro yana saurin sawa, amma yashi da ƙarangiya da tsabar ciyawa suna cika shi ya daina kamawa, a cikin ruwa kuma yana iya buɗewa. Mai ƙugiya ko zare-ka-ja ya fi aminci.

Yadda ake goya shi

Takalmin zango ya fi kowane kaya ɓacewa, kuma kusan kullum ƙafa ɗaya ce ke tafiya. Rataye shi da ƙugiya yana lilo a bayan jaka yana sa reshe ya fizge shi, yana kuma kaɗa jakar. Haɗa tafi da tafi domin dattin ya tsaya a tsakani, cusa su a babban aljihun raga na bayan jaka, sannan ka zura igiya ko ƙaramar ƙugiya ta cikin maɗauran biyu ka ɗaure a jikin jakar. Siriri yana shiga ciki a tsaye ta gefe, cikin leda. Launi mai haske, ruwan lemo ko rawaya, ya fi baƙi: ana ganin sa a ciyawa, kuma a masaukin da takalma hamsin iri ɗaya ke bakin ƙofa ba wanda zai tafi da naka bisa kuskure. Rubuta alama a kai da alƙalamin da ba ya gogewa.

Da an sauke jaka

Kafa tanti da takalmin tafiya in wurin yana da duwatsu ko ƙaya, sannan ka cire. Zare shimfiɗar ciki, sassauta igiya har ƙasa, buɗe bakin takalmin ya sha iska. A masauki a cusa masa tsohuwar jarida, a canja ta in ta jiƙe. Kada a kanga shi a wuta, zafi yana sakin gam ɗin da ke riƙe tafin, yana kuma ƙanƙance fata.

Ɗebo ruwa ka yi nesa da rafin ka wanke ƙafa, ka goge tsakanin yatsu sosai. Bar ta a buɗe cikin takalmin zango minti ashirin zuwa talatin har yamutsewar ta baje. Duba bororo da yanka da kaska, musamman a arewa maso gabashin Amurka inda kaska ke ɗauke da cutar Lyme. Shafa man kaɗanya ko basilin a tafi da dunduniya, amma ban da tsakanin yatsu in akwai cin ruwa. Sa busasshiyar safar da ka keɓe don barci, wadda ba a taɓa tafiya da ita. In sauro ya fito ko ƙasa ta jiƙe, kula kada wannan safar ta jiƙe ta hujin takalmin, domin ita ce dukiyar.

Da dare a shigar da takalma biyun ƙarƙashin rumfar tanti. Gishirin gumi yana jawo beguwa da ɓeraye da barewa su tauna maɗauri, a tsaunukan Niyu Zilan kuma akwai aku mai suna kea da ya shahara wajen yaga kaya da jan takalma. Da safe a kife kowanne a buga kafin a sa ƙafa, saboda kunama da gizo-gizo. In daren zai daskare, jiƙaƙƙen takalmin tafiya zai wayi gari kamar itace, don haka a bar bakinsa a wangale, ko a sa shi a leda a kwana da shi a ƙasan buhun barci.

Abin da ke lalacewa

Soson roba ba ya son zafi. Barin sa a rana tsaka a kan dutse, ko cikin rufaffiyar mota, ko kusa da wuta, yana sa ya ƙanƙance ya karkace, kuma ba ya komawa yadda yake sosai. Tartsatsi yana huda shi nan take. Maganin sauro mai sinadarin DEET yana cin wasu robobi, a bar ƙafa ta bushe kafin a taka.

Hancin silifas in ya fizge, mayar da shi ta ramin ka soke gindinsa da fil ko guntun waya a gicciye, kamar yadda ake yi a gida. Maɓallin da ke riƙe maɗaurin bayan rufaffen roba in ya karye, zura igiyar nailan ta hujin ka ƙulla ciki da waje. Maɗaurin sandal ana ɗinke shi da allura da zaren sakace, wanda ya fi zaren ɗinki ƙarfi. Naɗa salatif mai ƙarfi kamar mita ɗaya a jikin sandar tafiya, yana maganin tsagewar tafi na 'yan kwanaki. Tafin da zanensa ya shafe kuwa ba gyara, a canja shi a gari na gaba, domin faɗuwa a banɗaki tana karya hannu kamar faɗuwa a dutse.

In ka yanke shawarar barin sa a gida

Mai tafiya da takalmin gudu mara nauyi mai raga, a ƙasa busasshiya, yana iya mayar da shi na zango: cire shimfiɗa, sassauta igiya gaba ɗaya, zura ƙafa ba safa. In takalmin ya jiƙe kuma, akwai dabarar ledar burodi. Bayan ƙafa ta bushe, sa busasshiyar safa, zura kowace ƙafa cikin leda, sannan ka shiga jiƙaƙƙen takalmin. Safa ba ta jiƙa ba, ƙafa ta yi ɗumi, leda biyu kuma ba su kai giram 20 ba. Awa ɗaya ko biyu ake yi da ita, a cire kafin barci, domin leda tana tara gumi. Ɗauki huɗu, suna hujewa.

Wanda yake son na zango amma giram 300 ya yi masa yawa yana iya yin nasa. Ɗora ƙafa a kan guntun tabarmar soso ta kwanciya mai kaurin santimita ɗaya, ko tsohuwar shimfiɗar takalmi, zana ta ka bar rarar santimita ɗaya kewaye, ka yanke. Huda biyu a gefen gaba daidai faɗin ƙafa, biyu kuma daidai idon sawu. Liƙa salatif sama da ƙasan kowane huji kafin ka huda, in ba haka ba igiya za ta yaga soson. Zura igiyar roba mai miƙewa mai kaurin milimita 2 ko 3, kamar santimita 70 kowace ƙafa, ta gicciye saman ƙafa ta zagayo bayan dunduniya, ka ƙulla a gefe inda ƙullin ba zai shiga ƙarƙashin tafi ba. Ƙafa biyu ba za su wuce giram 40 zuwa 60 ba. Yi mako guda kana sa shi a tsakar gida kafin ranar tashi, ka ga hujin da zai fara yagewa, ka ƙara masa salatif.